Hatsi Yana Sito, Ɗan Aike Ne Ya Ɓace

Duk wanda ya yi noma a Kwandiko ya san ba kowane buhu ne ke kwana a gida ba. In kaka ta yi, aka sussuke gero, aka kakkaɓe riɗi, na ci ne kaɗai ake zubawa a rumbu. Sauran sai a lafta wa jaki ko amalanke a kai sito, ko a kasuwar Sara ko cikin Gwaram, wurin wani amintacce mai ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Ranar da na rumbu ya ƙare, tukunya ta nemi abin zubawa kuwa, ba maigida ne zai saɓa riga ya kama hanya ba. Akwai yaro a gidan wanda ya san hanya, mai siton ma ya san fuskarsa. A ƙwala masa kira, ya kora jaki, ya dawo da abin da aka aike shi.

Ofis ma haka yake yi da takardunsa. Inda ake da kwamfuta goma ko ashirin, ba a barin kowa ya ƙunshe aikinsa a tasa, don in ta lalace ko mai ita ya yi tafiya, aiki ya tsaya cik. Sai a ware guda babba a wani ɗaki mai sanyi, a kira ta saba, a ce kowa ya kai ajiyarsa can. Ita ce siton. In ma'aikaci ya kunna tasa kwamfutar ya buɗe wurin fayiloli, zai ga ma'ajiyai a jere, kowace da harafinta. Mai harafin C tana nan cikin cikinta, rumbun tsakar gida ke nan. Ƙasa da ita ga wata mai harafin Z, ko S, ko P, da ɗan zanen waya kore a gindinta. Wannan ko ƙwayar gero babu a cikinta. Yaron aiken ne tsaye a bakin ƙofa. Ka taɓa shi ya ruga sito ya ɗauko, kuma don tsabar saurinsa sai ka ɗauka kayan a ɗakinka suke.

Shi ya sa ranar da aka wayi gari babu Z, ko ga ta nan amma da jan kuros a kanta, sai ido ya raina fata. Na ga akawu, dattijo mai furfura, ya dafe kai da hannu biyu yana cewa, “Malam, aikin shekara da shekaru ya tafi.” Yaron da ke kula da kwamfutocin shi ma zufa ta karyo masa, yana ta “Yallaɓai, a yi haƙuri, bari in sake zuba mata Windows.” Da an bar shi, da a nan za a yi asarar gaske, don zai share rumbun tsakar gida a kan abin da bai shafi rumbun ba. Abin da nake so duk mai wannan aiki ya fara faɗa wa kansa shi ne, galibi hatsin yana nan a sito, buhu bisa buhu. Abin nema shi ne inda yaron ya maƙale.

Lamarin yana ƙara ɗaurewa idan gidan na da baƙi. Yanzu kwamfuta ɗaya mai ƙarfi tana iya saukar da wasu kwamfutocin a cikinta, waɗanda ba su da gangar jiki, ba ka iya ɗaukarsu ka aje bisa tebur, amma kowace da nata Windows ko Linux, a kunna ta, a kashe ta, kamar kowace kwamfuta. Masu sana'ar suna ce mata VM. Maigida ne mai yalwar fili ya ja danga ya yanka wa baƙo sashe: ga ɗaki, ga randa, ga kwano daga tukunyar gida. Baƙon yana ciki yana harkarsa kamar gidan nasa ne, alhali ko ruwan da ya kurɓa daga rijiyar maigida aka jawo shi. Dabarar ta kwana biyu. Kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960 a kan manyan injunansa masu cika ɗaki, ya fito da VM/370 a 1972. VMware da aka kafa a 1998 shi ya yaɗa ta a kan kwamfutar tebur, Microsoft ta biyo da Hyper-V a 2008, ga kuma VirtualBox da ɗalibi ke iya saukewa kyauta ya koya da ita.

Mu nan muna da dalilinmu na son ta. Inji ɗaya a kan batir da sola ya fi biyar sauƙin ciyarwa. Sannan akwai tsofaffin manhajojin lissafi da na rajista da ba sa yarda su yi aiki sai a Windows 7 ko XP; maimakon a yi ta lallaɓa tsohuwar kwamfuta mai tari, sai a yanka wa manhajar sashe a cikin sabuwa. Jigawa kuwa ta daɗe da sa hannu a wannan harka. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar fasahar kwamfuta a Kazaure. Daga 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kowace cibiya da sabarta da wayoyin da suka haɗa ta da kujerun ɗalibai. Ga asibitin tarayya na Birnin Kudu, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ga bankuna da makarantu, duk wuraren tara takardu ne. Yaron Kwandiko ko na Basirka da ya yi difloma ya samu aiki a irin waɗannan wurare, ko ba daɗe ko ba jima zai tsaya gaban jan kuros ɗin nan, shugabansa na tsaye a kansa. To ya sani, yaron aiken baƙo ƙofa biyu yake ratsawa, ta sashen baƙon da ta zauren maigida. Kowacce ta rufe, ruwan tukunya zai ƙone ba a zuba komai ba.

Kafin ka taɓa komai, taka da ƙafarka ka je siton. Wato ka manta da Z, ka buɗe wurin fayiloli a cikin baƙuwar, ka rubuta adireshin sabar da hannunka a layin sama: karkatattun sanduna biyu, sunan sabar, sanda ɗaya, sunan foldar, kamar haka \\saba\albashi. In ya buɗe, alhamdu lillahi, ga kayanka, ga hanya lafiya lau, yaron ne kawai ya yi sakaci. Sallame shi ka ɗauki wani. A baƙin allon ba da umarni, net use Z: /delete ta sallame shi, net use Z: \\saba\albashi /persistent:yes kuma ta ɗauko sabo, da sharaɗin ya riƙa zuwa aiki kowace safiya ba sai an kira shi ba.

Sakacin nan yawanci sammako ne ya yi yawa. An ɗauke wuta, batir ya ƙare, komai ya mutu. Da aka tayar da janareta, baƙuwar ta yi wuf ta farka, ita kuwa saba mai nauyin jiki ce, sai ta yi mintuna tana miƙa. Yaro ya isa sito tun mai shi bai fito daga masallaci ba, ya ga kwaɗo, ya dawo ya zauna da jan kuros a goshi, bai kuma sake komawa ba. Wani lokacin ma zauren gidan ne ba a zare wa sakata ba, wato Windows ta gama tashi kafin katin netwok ya samu adireshi. Maganin wannan tsari ne: saba ta fara tashi, baƙi su biyo baya. Hyper-V da VMware duk suna da wurin da ake ce wa baƙuwa ta jira daƙiƙa kaza kafin ta farka, a cikin dokokin Windows ma akwai wadda ke hana kowa shiga sai netwok ya kankama. Ba kuma kullum ne laifin mai kula ba. Sabuntawar Windows 10 ta watan Oktoban 2018, mai lamba 1809, da wannan cutar ta zo a jikinta, mutane a ko'ina suka yi ta ganin jan kuros, har Microsoft ta amsa cewa daga gare ta ne ta fitar da gyara. Akwai kuma kuros na gyangyaɗi: in aka yi kamar minti 15 ba a aiki yaron ba, saba takan saki igiyarsa. Wannan danna shi kawai za ka yi ya miƙe.

Wata 'yar ɓarna da ke wahalar da mutane ita ce a sa wa yaron suna E ko F, sai wani ya soka filash, Windows ta ɗauki sunan ta ba filash ɗin. Mutum biyu suna amsa suna ɗaya, ɗaya ya ɓuya. Don haka ne ake zaɓo haruffan ƙarshe, can nesa da inda filash ke sauka.

In kuwa ka je da ƙafarka ma ba hanya, allon ya jefo maka kuskure mai lamba 53, to duba ƙofofi, ka fara da wadda ido ke gani. Zagaya bayan injin mai masauki ka kalli inda shuɗiyar wayar ta shiga. Akwai 'yar fitila kusa da ramin, tana ƙyaftawa in hanya na da rai. Kan wayar yana da ɗan harshen roba da ke cewa ƙas in ya zauna daram. In harshen ya karye, mai shara ta taɓa wayar da tsintsiya ta ɗan zame, a ido tana ciki, amma fitila ta mutu. Ƙurar hunturu ma takan cika ramin. Baƙuwar ita ma tana da wayarta, sai dai tata ta zane ce: ɗan akwati ne a cikin saitin VirtualBox ko VMware da ake sa wa alama, ya ce an jona waya. Cire alamar nan daidai yake da fizge waya daga bango.

Sai kuma irin ƙofar da maigida ya yanka wa baƙonsa, kuma a nan na fi ganin masu koyo suna ruɗewa. Akwai wadda ake rubuta wa NAT. Baƙo ba shi da ƙofar kansa, duk fitarsa ta zauren maigida ce kuma da sunan maigida, 'yan unguwa ba su ma san da shi ba. Yana zuwa intanet lafiya, in an ba shi lambar sito daidai ma yakan kai, amma ba ya jin kiraye-kirayen da maƙwabta ke yi wa juna a titi. In ya tsaya neman sito da suna, ko yana jiran ya hango shi a jerin maƙwabta, sai ya ga wayam. Alamarsa a VirtualBox ba ta ɓuya: ka tambayi baƙuwar adireshinta ta ce 10.0.2.15, alhali na sauran ofis duk da 192.168 suka fara, ka san ta bayan maigida take leƙe. Akwai Bridged, inda aka fasa wa baƙon ƙofa tasa mai kallon titi, ya samu lambar gida kamar kowa, ya gaisa da kowa. Ita ce ta dace da baƙuwar da aikinta kullum sai da saba. Akwai kuma Host-only, ƙofa mai buɗewa tsakar gida kawai, daga baƙo sai maigida.

Ita mai kallon titin ma tana da tarkonta, don a kan kati ɗaya na mai masauki ake ɗaure ta. An ɗaura ta a kan katin waya, yau kuma an ɗauki laftof an koma ɗakin taro an hau waifai: ƙofar tana nan, amma titin da take kallo ba kowa. Sai an koma saiti an juya ta ga katin da ke aiki. In intanet ɗin wayar hannu aka jona kuwa, to wani gari aka koma gaba ɗaya, siton ba ya can.

Ƙofofi lafiya amma har yanzu shiru, to wataƙila mai sito ne ya tashi. Kowace na'ura a ofis tana da lamba, kuma ɗan akwatin rauta ne ke raba lambobin nan yadda sarkin kasuwa ke nuna wa 'yan tireda wurin baza kaya: aro ne, na ɗan lokaci. In aka bar saba cikin masu karɓar aro, wata rana bayan ɗaukewar wuta sai ta tashi da sabuwar lamba, yaro ya je tsohuwar rumfa ya tarar da mai sayar da manja. Umarnin ping shi ne sallama daga bakin ƙofa. Ka yi wa lambar, in an amsa akwai mutum, ko da yake wani gidan maigadi ne, wato katangar tsaro, ke hana amsawa. Ka yi da suna ba a amsa ba, ka yi da lamba an amsa, to mai riƙe da littafin sunaye, wanda ake kira DNS, shi ne bai sabunta littafinsa ba, ko kuma baƙuwar wani daban take tambaya. Gyara na dindindin shi ne a yanka wa saba rumfa tata, lambar da ba ta sauyawa. Ban ga dalilin da zai sa a bar sito yana yawo ba.

Idan aka amsa sallama amma aka ce ba ka shiga, ko kuskure mai lamba 5 ko tambayar kalmar sirri da ba ta ƙarewa, zance ya koma na mabuɗi. An sauya kalmar sirri a ofis, amma Windows tana da 'yar jakar da take adana mabuɗai, Credential Manager, yaron kuma tsohon yake zarowa kullum. Ya gwada, ya sake gwadawa, har mai sito ya yi zaton ɓarawo ne ya garƙame asusun. A buɗe jakar a jefar da tsohon, a ba shi sabon. Mai siton nan kuma ba ya karɓar mabuɗi biyu daga hannu ɗaya a lokaci guda: in ka riga ka shiga da sunan akawu, ba za ka buɗe wata foldar da sunan ma'aji ba sai ka fita daga ta farko.

Akwai wata matsalar mabuɗin da baƙuwa ta fi kowa fama da ita. Ana iya ɗaukar hoton halin da take ciki yau, da komai nata, a ajiye. In ta rikice nan gaba, a mai da ita wannan ranar. Ni'ima ce babba. Amma ka yi tunanin baƙon da aka mayar watan Sha'aban alhali gari an riga an yi Babbar Sallah. A ofisoshin da ke da rajistar kwamfutoci ta Active Directory, kowace kwamfuta tana da kalmar sirrinta ita kanta, ban da ta mutumin da ke zama a gabanta, kuma tana sauya ta da kanta kusan duk kwana 30 ba wanda ya sani. Baƙuwar da aka dawo da ita daga tsohon hoto tana riƙe da mabuɗin kwaɗon da aka daɗe da cirewa. Sai allon ya ce amana ta warware tsakaninta da rajistar. Dole mai kula ya shiga da asusun cikin gida ya sake gabatar da ita, yadda ake kai baƙo gaban mai unguwa. Agogonta ma abin dubawa ne. Tsarin tantancewar da ake kira Kerberos ba ya yarda da wanda agogonsa ya saɓa da na saba fiye da minti 5, baƙuwar da aka dakatar aka tayar kuwa takan farka da tsohon lokaci. Saita agogo kaɗai ya sha dawo da Z.

Maigadi ma yana da nasa. Duk sabon netwok da Windows ta gani sai ta so sanin na gida ne ko na kasuwa. In na kasuwa ne ta rufe tagogi ta ƙi kula kowa. Sauya wa baƙuwa kati, ko kwafe ta zuwa wani injin, yakan sa ta ɗauka sabon wuri ta zo, kuma abin ya fi cizo idan ita ce ke riƙe da siton, don sau da yawa sabar kanta baƙuwa ce. A gaya mata gida ne. Ƙofar da hatsin ke bi lambarta 445, ita za a tabbatar maigadi ya bar wa 'yan ofis a buɗe, shi kuma ya ci gaba da gadinsa.

A nan nake so in ja hankali da ƙarfi. Yaren da yaro da mai sito ke magana da shi sunansa SMB. Wani injiniyan IBM, Barry Feigenbaum, shi ya tsara na farkon a 1983, lokacin da kwamfutocin ofis 'yan gida ɗaya ne, ba wanda ke kwana da tunanin ɓarawo. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da ke jikin tsohon yaren, ta shiga kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, ta ƙulle fayiloli ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin likita da aikin tiyata, aka juya motocin marasa lafiya zuwa wasu wuraren. Daga ƙarshen wannan shekarar Windows 10 ta fara yaye tsohon yaren. Windows 11 ta 2024, mai lamba 24H2, ta ƙara tsauri: a ta masu aikin ofis kowane saƙo sai da sa hannu, kuma ba ta yarda da siton da ke barin kowa ya faɗa ba suna ba mabuɗi.

Abin da ke faruwa ke nan idan aka sabunta baƙuwa da dare, da safe Z ta ɓace: yaro ya daina jin yaren tsohon mai sito. Mai gaggawa zai leƙa intanet ya samo shawarar a kunna SMB1, wato tsohon yaren, a kashe sa hannu, a kashe katangar tsaro. Z kuwa za ta dawo, shugaba ya yi murmushi, a ce yaro ya iya aiki. Amma abin da aka yi shi ne an cire ƙyauren sito don mabuɗi ya ƙi juyawa. A wurin da ake ajiye sunayen marasa lafiya, ko albashin malamai, ko sakamakon ɗalibai, wannan sakaci ne da amana ko da ba da niyya ba, garin neman gira ne a rasa ido. Hanyar ƙwarai ta ɗan fi tsawo: a sabunta manhajar tsohon mai siton ya koyi sabon yaren, a buɗe wa kowane ma'aikaci asusu da kalmar sirrinsa. In tsohuwa ce da ba ta koyuwa, irin baƙuwar XP ɗin nan da ba ta san wani yare ba sai na farko, a killace ta a lungunta, a yanke ta daga intanet, a bar mata ƙofar tsakar gida kaɗai.

Wani abin da ke ɗaure kai: Z tana nan a wurin fayiloli, amma manhajar da aka buɗe da ikon shugaba ta ce ba ta gan ta ba. Windows tana kallon mutum ɗaya a matsayin biyu, mai 'yar shara da mai rawani, yaron da mai 'yar shara ya ɗauka kuma ba ya amsa kiran mai rawani. A ba manhajar cikakken adireshin siton, ko a ɗaukar wa mai rawanin nasa yaron. In kuma foldar da ta ɓace a kan mai masaukin take, to wannan ba ta bi titi ba sam, miƙo ne ta kan danga. Yana tafiya ne da 'yan manhajojin da ake zuba wa baƙuwa, Guest Additions a VirtualBox, VMware Tools a VMware. Aka sabunta gida aka bar su a baya, miƙon ya tsaya. Sake zuba su yakan isa.

Ba na cewa sito ba ya gobara. Faifan saba yakan mutu, zafi da wutar da ke dawowa da ƙarfi suna cin sa. Alamar ita ce duk ofis zai rasa Z lokaci guda, baƙi da 'yan gida, ka je gaban sabar kanta ka ga foldar ba ta buɗuwa. Shi ya sa juyawa ga maƙwabcin tebur a ce, “Ɗan'uwa, kai taka tana buɗewa?” ya kamata ya zo tun farko, ya fi yinin tone-tone amfani. In abin ya kai ga mutuwar faifai, sai kwafin da aka ajiye a wani faifan daban, a wani ɗakin daban, shi ne zai yi ceto. Hoton baƙuwa ba zai yi ba, don a faifai ɗaya yake kwance da ita.

Ranar da komai ke lafiya a samu littafi mai bango, a rubuta sunan sabar da lambarta, kowane harafi da foldar da yake zuwa, irin ƙofar da aka yanka wa kowace baƙuwa da katin da aka ɗaure ta a kai, da wadda ke fara tashi in wuta ta dawo. Kalmomin sirri ba sa shiga wannan littafi, suna wurin shugaban ofis cikin ambulan a liƙe. Sau da yawa masu kula da kwamfuta a garuruwanmu da sun goge sai Dutse ko Kano ta janye su, wanda zai gaje su kuma tun ranar farko zai buƙaci ya san ko baƙuwar lissafi a kan Bridged take ko NAT.